Tsohuwar Kwamfuta da Sabuwar Ma'adana: Tarihin Ajiyar Bayanai a Ƙasar Karaye da Rogo

Abin da wannan lacca za ta yi magana a kansa ƙaramin abu ne ga ido, domin kuwa bai fi tafin hannu faɗi ba, nauyinsa kuma bai wuce na ƙwan kaza ba. Shi ne ma'adanar bayanai marar faifai, wadda masu gyaran na'ura ke kira SSD, wadda akan sa wa tsohuwar kwamfutar tebur a gurbin faifanta na asali don ta farfaɗo. Mai sauraro na iya tambaya ko mene ne haɗin irin wannan aiki na makanikai da tarihi, balle kuma tarihin Karaye da Rogo. Amsar ita ce, kowace ƙasa da ke da hakimi da alƙali da ma'aji tana da wurin da take ajiye maganarta, kuma duk sa'ad da aka sauya wannan wuri akan yi riba, akan kuma yi hasara. Sauya faifan kwamfuta shi ne na baya-bayan nan a jerin irin waɗannan sauye-sauye. Ribarsa a fili take, ana kuma iya auna ta da agogo. Hasararsa ce ba a cika lura da ita ba sai bayan shekaru, ranar da aka nemi wata takarda aka rasa.

Ƙasar da Takardunta

Karaye tsohon gari ne mai ganuwa a yammacin Kano, a kan fuskar Katsina. Littafin Tarihin Kano ya ambace ta a cikin labarin yaƙe-yaƙen Kanawa da Katsinawa na ƙarni na 17, zamanin Sarki Muhammadu Nazaki da Wambai Giwa. Rogo kuwa tana kudu da ita, inda ƙasar Kano ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Katsina na yau. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Karaye mutum sama da 140,000, ta ba Rogo sama da 220,000. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane yana da abin da hukuma ta rubuta a kansa, ko haihuwa, ko gona, ko sakamakon jarrabawa, ko shari'ar gado.

Kafin zuwan Turawa, abin da aka rubuta a wannan ƙasa an rubuta shi ne da alƙalamin gamba da tawada, da Larabci ko da ajami, a kan takardar da fatake ke ƙetaro Sahara da ita. Wadda ta fi yawa a ƙarni na 19 ita ce takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku a cikin jikinta. Ma'adanarta gafaka ce, abokan gabarta kuwa gara da ɗigar ɗaki da gobara. Amma tana da wata daraja da ya kamata a riƙe a zuciya har zuwa ƙarshen wannan bayani, watau duk wanda ya iya karatu zai ɗauke ta ya karanta da idonsa, ko bayan shekara 150, ba tare da neman wata na'ura ba.

Bayan da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, rubutun hukuma ya yawaita ƙwarai. A wajen 1907 zuwa 1908, zamanin Sarki Abbas, aka tura hakimai su zauna a gundumominsu maimakon birni. A wajen 1909 aka kafa Baitulmali a Kano, a shekarar kuma Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa don horar da malaman da za su riƙe littattafan En'e. Daga nan ne malamin haraji da malamin jangali da magatakardan alƙali suka zama mutanen da talaka ke gani kowace shekara, da rasit da littafin ƙidaya a hannunsu. Sai dai abin da hukuma ke rubutawa abin da take bukata ne kawai. Hujja a kan haka tana nan kusa. Mafi cikakken bayanin da duniya ta samu game da zaman mutanen wannan yanki a ƙarshen ƙarni na 19 bai fito daga ofishin kowa ba, ya fito ne daga bakin wata tsohuwa, Baba, wadda ta tashi a yankin Zarewa da ke cikin Rogo a yau. Mary Smith ta rubuta maganarta da hannu a Giwa tsakanin 1949 da 1950, Baba ta rasu a 1951, aka buga littafin da Turanci a 1954. Da an yi jinkirin shekara biyu, da an binne wannan ma'adana da duk abin da ke cikinta.

Sa'an nan keken rubutu ya zo, da takardar kabon da injin gurza takardu. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976, da ƙarin da aka yi ta yi har Jihar Kano ta kai ƙananan hukumomi 44 a 1996, sun haifar da sakatariya da rajista da ɗakin fayil a garuruwan da a da gidan hakimi kaɗai suka sani. A wannan hali kwamfuta ta tarar da Karaye da Rogo.

Faifai Mai Juyawa

Tilas ne a nan a bar ƙasar Kano na ɗan lokaci a leƙa Amurka, domin can aka ƙera abin da ake magana a kan cire shi. A 1956 kamfanin IBM ya fito da faifan ajiya na farko a cikin wata na'ura mai suna RAMAC. Faya-fayai 50 ne a jere a kan sanda ɗaya, kowanne faɗinsa inci 24, suna juyawa sau 1,200 a minti. Dukansu gaba ɗaya suna ɗaukar harafi miliyan 5, watau abin da hoto ɗaya na wayar hannu ta yau zai cinye. Ba saye ake yi ba galibi, haya ake yi, dala 3,200 a wata. A 1980 kamfanin da daga baya aka sani da Seagate ya fito da faifai mai megabayit 5 wanda zai shiga cikin akwatin kwamfutar tebur, a 1983 kuma IBM ta sa mai megabayit 10 a cikin kwamfutarta ta ofis. Tun daga nan girman abin da faifai ke ɗauka ya yi ta ninkawa, har ya kai ga terabayit.

Abin lura shi ne, hikimar aikinsa ba ta sauya ba tun 1956. Faranti ne da aka shafe da sinadarin maganaɗisu yana juyawa, da wani siririn hannu mai allura a bakinsa yana kai da kawowa a kansa, kusan kamar garmaho, sai dai allurar ba ta taɓa farantin, tana shawagi ne a kan iska, da tazarar da ta fi silin gashi siranta sau dubbai. Faifan kwamfutar tebur na yau da kullum yana juyawa sau 7,200 a minti, watau sau 120 a daƙiƙa. Idan aka nemi wani bayani, sai hannun ya tafi layin da bayanin yake, sa'an nan ya jira farantin ya juyo da shi. Wannan tafiya da jira kan ci kimanin kashi 12 cikin 1,000 na daƙiƙa. Ga ɗan Adam wannan bai kai ƙiftawar ido ba. Amma ƙwaƙwalwar kwamfuta da ke bugawa sau biliyan 3 a daƙiƙa ta yi bugu miliyan 36 ke nan tana zaune ba aiki. Misalinsa kamar akawu ne mai saurin hannu wanda duk takardar da ya nema sai masinja ya taka zuwa sito a bayan gari ya ɗauko, guda ɗaya a kowace tafiya. Wanda ya leƙo ofis ya ga aiki bai tafiya zai zargi akawun, alhali laifin na hanyar sito ne. Kwamfuta kuwa sa'ad da ake kunna ta takan nemi dubban ƙananan fayiloli a warwatse. Wannan shi ne asirin mintocin nan da ma'aikaci kan share yana kallon allo da safe.

Yadda Kwamfuta Ta Iso

Nijeriya ba ta makara da ganin kwamfuta ba. Tun 1963 IBM ta buɗe cibiyar horarwa a Jami'ar Ibadan, a 1988 kuma Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar koyar da kwamfuta a makarantu. Amma tsakanin manufa da ajin makarantar ƙauye akwai tafiya mai nisa. Abin da ya kai kwamfuta garuruwa irin su Karaye da Rogo abu uku ne, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya fito daga wannan manufa.

Na farko kasuwar gwanjo ce. Kamfanoni da ma'aikatun Turai da Amurka kan sauya kwamfutocinsu bayan shekara 3 zuwa 5, dillalai su saye su cika kwantena, a sauke a Legas, a baje a Ikeja da Alaba, daga nan su hau tirela zuwa Kano, inda ake samunsu a wurare irin su titin Beirut. Irin su Dell OptiPlex da HP Compaq, waɗanda aka ƙera don ofis, su ne suka cika shagunan buga takardu na arewa. Wannan ciniki yana da fuska biyu. A 2005 wata ƙungiya mai suna Basel Action Network ta ba da rahoton cewa kwantena kimanin 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke sauka a Legas kowane wata, kuma masu sana'ar da kansu sun ce har kashi 75 cikin 100 na iya zama tarkacen da ba ya gyaruwa. Ƙasar da ta ga abin da ya faru a Koko a 1988, lokacin da aka jibge mata dattin masana'antu mai guba daga Italiya, tana da dalilin tsarguwa. Duk da haka, ba don gwanjo ba da ɗalibin Rogo bai taɓa madannin kwamfuta ba sai ya shiga jami'a. Abin da ya shafi wannan bayani shi ne, na'urar da ta iso ta riga ta yi wa wani aiki shekaru, kuma sashenta da ya fi gajiya shi ne wanda ke juyawa.

Na biyu rajistar masu zaɓe ce ta farkon 2011, wadda hukumar zaɓe ta sayo wa na'urori kimanin 132,000 don kowace rumfa ta samu. A lokacin ne mutanen mazaɓu irin su Turawa da Yammedi da Kafin Dabga, ko Fulatan da Beli da Zoza, suka zauna gaban kwamfuta aka ɗauki hotonsu da zanen yatsunsu. Na uku kuma, wanda ya fi su tasiri, hukumar JAMB ce, wadda ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta kuma mayar da ita tilas ga kowa a 2015. Daga wannan shekara yaron da bai san yadda ake riƙe linzamin kwamfuta ba ya shiga jarrabawa da naƙasu tun kafin ya karanta tambaya ta farko. Nan ne tsohuwar kwamfutar da ke lulluɓe da ƙyalle a ɗakin makaranta ta daina zama kayan ado, ta zama abin da makomar yara ta rataya a kansa.

Sai dai ƙasar ba ta yi wa faifai mai juyawa daɗi ba. Akan ce ƙurar hunturu ke shiga cikinsa ta kashe shi, amma wannan ba daidai ba ne sosai, domin a rufe yake, ɗan ramin numfashinsa ma da matata. Abin da ƙura ke yi shi ne ta toshe fanka da kafofin iskar akwatin, zafi ya taru, a ƙasar da a watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura 40 a inuwa. Sa'an nan ga wuta. Sunan mai ba da ita ya sauya daga NEPA ta 1972 zuwa PHCN a 2005 zuwa KEDCO a 2013, amma na'urar ofis a karkara ta fi sanin janareto da su duka. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu kan bar fayil a gutsure, dawowarta da ƙarfi kuma kan ƙone allon lantarkin faifan. Daɗin daɗawa ga jijjiga, ko ta hanya lokacin da aka ɗauko na'urar a bayan mota, ko ta ƙafar wanda ya yi tuntuɓe da akwatin yana cikin aiki. Allurar da ke shawagi a irin waccan tazara ba ta jure haka. Ranar da ta karci farantin sai a ji yana ƙas-ƙas, sai a ce kwamfuta ta mutu, a tura ta sito tare da karyayyun kujeru. Sau da yawa kuwa ƙwaƙwalwarta da allonta da na'urar wutarta duk lafiyarsu lau.

Ma'adana Marar Faifai

Maganin ya fito daga Japan. Wani injiniya na kamfanin Toshiba, Fujio Masuoka, ya ƙirƙiro hanyar tsare ɗigon lantarki a cikin ƙananan ɗakuna na silikon, yadda ko an ɗauke wuta ba zai zube ba. Ya bayyana nau'in farko a 1984, na biyu kuma, wanda ake kira NAND, a 1987. Wannan na biyun shi ne ke cikin filashin da ɗalibai ke ratayawa a wuya, da katin ajiyar waya, da ita SSD kanta. A 1991 kamfanin da ya zama SanDisk ya sayar da ma'adana irin wannan mai megabayit 20 a kan kuɗi kimanin dala 1,000. Shekara 20 ta ɗauka kafin farashinta ya sauko inda talaka zai dube ta. Ambaliyar da ta ci masana'antun faifai a ƙasar Tailan a 2011, ta sa farashin faifai ya yi tsalle, ta taimaka wajen juyo da hankalin masu saye gare ta.

Tunda babu abin da ke juyawa a cikinta, babu tafiya babu jira. Abin da faifai ke nema cikin kashi 12 na 1,000 na daƙiƙa, ita takan kawo shi cikin kashi ɗaya bisa goma na kashi guda, watau ta fi shi sauri kimanin sau 100 a wannan fage. Faifai kan biya ƙananan bukatu kamar 100 a daƙiƙa, ita takan biya dubbai masu yawa. In aka koma ga misalin akawu, an rushe siton ke nan an jera masa takardun a kan teburinsa. Wutar da take ci ba ta kai rabin ta faifai ba, abin da ke da amfani ga wanda ke aiki da batir da farantin hasken rana. Ba ta ƙara, ba ta kuma damu da jijjiga ba.

Abin da ya sa tsohuwar na'ura ke iya karɓarta wata sa'a ce ta tarihi. A 2003 masana'antu suka koma wa wata siririyar igiyar haɗi mai suna SATA, aka ninka saurinta a 2004, aka sake ninkawa a 2009, amma ba a sauya bakin mahaɗin ba. Saboda haka ma'adanar da aka ƙera bana za ta shiga kwamfutar 2008 ba tare da gardama ba. Aikin kansa bai fi na rabin sa'a ba: a cire wuta, a buɗe murfi, a zare igiya biyu daga faifan, ta bayani da ta wuta, a soka su a sabuwar. Ita faɗinta inci 2.5 ne, gurbin kuwa na inci 3.5, sai a sa mata ɗan ƙarfen riƙo. Na'urar da mahaɗinta na 2004 ne ba za ta wuce megabayit 300 a daƙiƙa ba, alhali ma'adanar na iya kai 550, amma wannan bai rage komai daga babbar ribar ba, domin ribar a kawar da jira take. Abin da ya fi cin lokaci shi ne ɗora babbar manhaja, ko dai a kwafe tsohon faifan ɗungurum, ko a ɗora sabuwa fil. Ta biyun ta fi tsabta, kuma a nan ne haɗarin da za a zo kansa yake.

Akwai masu tsoron cewa ɗakunan nan na silikon suna ƙarewa da yawan rubutu. Gaskiya ne suna da iyaka. Amma kamfanonin kirki kan ba ma'adana mai gigabayit 250 lamunin rubutun terabayit 100 zuwa 150. Ofishin da ke rubuta gigabayit 10 kowace rana, wanda da wuya a same shi a sakatariyar ƙaramar hukuma, zai yi fiye da shekara 25 kafin ya cinye na ƙasan. Abin tsoro na haƙiƙa jabu ne, domin kasuwa cike take da ma'adanai marasa asali waɗanda ke nuna girman da ba su da shi.

Ba kowace na'ura ce kuma ta cancanci wahalar ba. Wadda ta girmi 2003, mai faffaɗar igiya irin ta da, a bar ta ta huta. Wadda ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi ba ta kai gigabayit 4 ba, sai an ƙara mata, in ba haka ba an yi gyaran rabi. Akwai kuma wani shinge da ba na ƙarfe ba. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, ya kuma rufe kulawar yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuwa ba ta yarda da galibin na'urorin da aka ƙera kafin 2017 ba. Ma'ana, miliyoyin kwamfutoci masu lafiya an yanke musu hukuncin tsufa daga ofishin wani kamfani, kuma ba sai an yi duba ba a san tashar jirgin ruwan da da yawansu za su sauka. Makarantar da ke son yara su koyi madanni da linzami ba ta da asara, domin na'urar za ta ci gaba da aiki, akwai kuma manhajar Linux ta kyauta wadda ke tafiya sumul a kan tsohuwar na'ura. Amma ofishin da ke riƙe da albashin mutane yana kuma shiga intanet, bai kamata a ruɗe shi da saurin kunnuwa ba. Sauri daban, tsaro daban.

Abin da Ke Cikin Tsohon Faifai

Ga wanda ya san halin baitulmalin ƙaramar hukuma, lissafin a bayyane yake. Kuɗin sabuwar kwamfuta ɗaya zai farfaɗo da tsofaffi da yawa. Abin da ke hana a bi wannan hanya ba jahilci ba ne kullum. Sayen sabo kwangila ce da ake yanka mata kintinkiri a ɗauki hoto, gyaran tsoho kuwa ba mai gani, ba kuma mai samun kamasho. Wannan ciwo ne na ma'aikatun ƙasar nan baki ɗaya, ba na wani gari ba.

To amma a ce an yi abin da ya dace, an kira mai gyara ya sa sabuwar ma'adana, na'ura ta tashi cikin daƙiƙa 20, kowa ya yi murna. Ina tsohon faifan? Sau da yawa yana cikin jakar mai gyaran, ko a madadin wani ɓangare na ladansa, ko don ba wanda ya tambaya. A cikinsa kuwa akwai aikin shekara 10 ko 15: jerin sunayen ma'aikata da ranar ɗaukarsu, sakamakon ɗalibai, wasiƙun rikicin iyakar gona da burtali, rahoton allurar rigakafi. Zai goge shi ya sayar wa wani, ko ya sayar bai goge ba, wanda ya fi muni. Tun 2023 Nijeriya na da dokar kare bayanan jama'a, kuma shugaban ofishin da ya bar irin wannan faifai ya fita ƙofa ya saki amanar da doka ta ɗora masa. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Tsohon faifai dukiyar ofis ne kamar kowane fayil, a kwafe abin da ke cikinsa wuri biyu kafin a taɓa sukurun farko, a rubuta masa suna da kwanan wata, a kulle shi a kabad.

Ga masu rubutu da Hausa akwai wani tarko na musamman. Haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, kwamfutocin farko ba su san su ba. Kafin tsarin Unicode ya game ko'ina, masu buga Hausa sun dogara ne da wasu zubin haruffa na musamman, irin waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya tsara a shekarun 1990. Dabarar ita ce a ari gurbin wata alama a madanni a zana mata harafin Hausa. Takardar da aka buga ta haka tana karantuwa ne muddin zubin yana cikin na'urar. Ranar da aka ɗora sabuwar manhaja a sabuwar ma'adana aka manta da shi, sai a buɗe takardar a tarar duk inda ƙ ko ɗ take wata baƙuwar alama ta tsaya a wurin. Fayil ɗin bai ɓata ba, amma tambayoyin jarrabawar Hausa na shekara goma, ko tarihin gari da wani malami ya tattara daga bakin tsofaffi, sun koma abin da sai an bi su kalma kalma. Mai gyaran da ya koyi sana'arsa da Turanci ba zai san ya kwafo wannan ɗan fayil ba sai an gaya masa.

Ita kanta sabuwar ma'adanar ba gafaka ba ce. Faifai kan yi gargaɗi kafin ya mutu, ya yi ƙara, ya yi nauyi, ya ba mai shi kwanaki ya kwashe kayansa. SSD takan ɗauke ne farat ɗaya, jiya lafiya, yau na'ura ba ta ganinta. Ɗaukewar wuta ana cikin rubutu na iya rikita ta ita ma, don haka batirin ko-ta-kwana bai zama abin yarwa ba. Haka nan akwai wani umarni da babbar manhaja ke ba ta tun daga Windows 7 ta 2009, wanda ke sa ta share gurbin duk abin da aka goge nan da nan don ta riƙe saurinta. A kan faifai, fayil ɗin da aka goge bisa kuskure akan iya tono shi bayan makonni. A kanta, galibi ya tafi ke nan. Bugu da ƙari, ɗigon lantarkin da ta tsare yana yoyo a hankali idan aka ajiye ta ba wuta, zafi kuma na ƙara masa gudu. Ma'aunin da masana'antun suka yarda da shi ya ce ma'adanar da ta cinye lamuninta ta riƙe bayani shekara ɗaya a zafi 30. Sabuwa takan daɗe fiye da haka nesa, amma kabad ɗin ƙarfe a ƙarƙashin rufin kwano a Rogo, a watan bazara, ba zafi 30 yake ba.

Wannan magana ta fi nauyi a ƙasar da hukumominta ke yawan sauya fasali. A watan Mayu na 2019 aka ɗaga Karaye ta zama masarauta mai sarkin yanka, da ƙananan hukumomi da dama na yammacin jihar a ƙarƙashinta. A watan Mayu na 2024 aka soke dokar. A watan Yuli na shekarar aka sake kafa ta a daraja ta biyu, da Karaye da Rogo kaɗai. Ba hurumin wannan lacca ba ne ta ce wane ya yi daidai. Abin da ya shafe ta shi ne, cikin shekara biyar takardun naɗin dagatai da masu unguwanni, da na sulhun gonaki, sun sauya uwar ɗaki sau uku, kuma mafi yawansu a kwamfuta aka buga su. Mai binciken da ke son sanin harajin gundumar Karaye a zamanin En'e yana da inda zai nufa, ko Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, domin Turawa da malaman En'e sun bi ƙa'idar tura kwafi sama. Wanda zai zo neman takardun 2019 zuwa 2024 nan da shekara 50 zai dogara ne da abin da wani akawu da wani mai gyara suka yi da tsohon faifai a ranar da aka buɗe akwatin, da kuma ko an buga muhimman takardun a kan farar takarda an sa a fayil kafin a ɗaure sukurun ƙarshe.